Daga Bakin Ƙofar Kicin

A gidanmu na unguwar Karantina, can ƙasa mai tsarki, muna da wata al'ada idan an saka kaset ɗin bidiyo. Kowa sai ya kama mutum ɗaya a cikin fim ya ce shi ne. Wanda nasa ya mutu ko ya ɓace kafin a gama, shi zai tashi ya dafa wa sauran shayi. Yayana ne ya kafa dokar, don shi kullum jarumi yake kamawa, jarumi kuwa ba ya mutuwa.

Ni a lokacin kaina cike yake da littattafan soyayyar da alhazan Kano ke zuwa mana da su a ƙasan jaka. Duk fim ɗin Indiya ko na Masar, ni ce budurwar. 'Yar ƙanwar Inna, wadda muka tashi tare, takan dube ni ta tuntsire da dariya.

"Ke da kike kamar gindin tukunya? Yalla, maza nemi wata!"

Nakan taya ta dariyar, amma abin yana ci na a rai.

Wata Alhamis bayan la'asar Yaya ya shigo da sabon kaset. A jikin kwalin baƙaƙen fata ne cunkus a titi, riƙe da hannun juna. Ya ce labarin baƙaƙen Amurka ne, lokacin da suke neman a daina ware su a makaranta da mota da gidan abinci. Har Inna, da ta dawo daga aikatau a unguwar Ammariyya ƙafafunta a kumbure, ta jawo matashi ta zauna.

Ana farawa sai ga wata yarinya a ƙofar coci cikin farar riga, baƙa kamar ni, hancinta irin nawa. Wani saurayi ya cire hula ya gaishe ta, ta sunkuyar da kai tana murmushi. Na yi wuf na nuna ta.

"Ni ce wannan! Kowa ya shaida!"

"Halas, shi ke nan, taki ce," in ji Yaya. Shi ya kama wani Bature lauya, 'yar uwata ta kama matar lauyan.

Nan take na gama tsara musu rayuwa. Za a kama saurayin a zanga-zanga, ta jira shi tana ramewa, ranar da ya fito su haɗu a ƙarƙashin bishiya.

Ba a jima ba aka cinna wa cocin wuta. Aka nuno ta sau ɗaya cikin taron mata tana kuka, ba ta furta ko kalma ba. Daga nan fim ya tare a gidan lauyan: yadda abinci ya gagare shi, yadda matarsa ta yi yaji, yadda abokai suka juya masa baya.

"A ɗan jira," na ce. "Za ta dawo."

Suka jira ni har fim ya yi nisa. Sannan Yaya ya ce, ba da tsokana ba, "Ƙanwata, ko sunanta ba a faɗa ba. Tashi. Ki sa na'ana'a."

Sauran fim ɗin daga bakin ƙofar kicin na gan shi. Mutanenta ba sa fitowa sai in za a yi waƙa ko a ɗauki gawa. Da lauyan ya yi nasara a kotu ana tafa masa, na bi fuskokin taron ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ciki. Ruwan shayin ma ya ƙafe, sai da na sake ɗora wani.

Inna ta shigo tana ɗingishi, ta same ni ina share ido da gefen mayafi.

"Inna, ke wa kika kama?"

"Akwai wata dattijuwa da ta kawo wa lauyan gahawa ta fita. Bayanta kawai aka nuna." Ta jawo tire ta fara jera kofuna. "Matsa, 'yar nan. Shayin yau namu ne mu biyu."

Tun daga ranar ban sake kama kowa ba. Da na ji Yaya yana tura kaset cikin bidiyo, sai in tashi in ɗora ruwa.