Jarkar da Muka Kai Borokiri

Mun bar Enugu bayan sallar asuba, ni da ƙanwata, ɗauke da buhun toka da dunƙulen shuni da muka saya a Kasuwar Artisan. Shunin ya kusa ninka kuɗinsa na bara. Mai sayarwa ya ɗora laifin a kan hanya.

Kawunmu ne dalilin tafiyar. Ya fi shekara arba'in yana rini a Borokiri, cikin Fatakwal. Ambaliya ta shiga tukwanensa ta kashe su. Sau uku yana sabon haɗi, ruwan ya ƙi tashi, 'ya'yansa kuwa sun yanke cewa in na huɗu ya ƙi, zai bar sana'ar. Abin da ya rage shi ne a ɗebo ruwa daga tukunya mai rai a zuba, kamar yadda ake sa tsohon nono cikin madara.

A Anacha, bayan Kasuwar Relief, muka sami wata Hajiya mai tukunyar rini ɗaya. Bayan doguwar gaisuwa ta cika mana jarka, ta gargaɗe mu kada mu toshe murfin, kada kuma sanyi ya taɓa ta.

"Ku ce wa Malam kayansa ne suka dawo," in ji ta. "Daga tukunyarsa na ɗebi nawa na farko."

Wanda bai san warin shuni ba ya gode wa Allah. Kafin Owerri an buɗe duk tagogin motar, wani fasinja ya tambaye mu da Pidgin ko mushen akuya muka ɗauko. Ƙanwata ta rungume jarkar a cinya, duk ramin da muka faɗa sai ta duba murfi. Ni dai na ci okpa, wato alalen gurjiya, ba tare da na ji ɗanɗanonsa ba.

Da Kawu ya fito tarbarmu, hannuwansa na fara lura da su. Shuɗin da na san su da shi tun ina yaro ya kusa gogewa, kuma yana ta ɓoye su cikin riga. Da muka isar da saƙon Hajiya, sai ya karɓi jarkar. Ya shinshina ruwan, ya zuba a sabon haɗi, ya rufe tukunyar da buhu.

Kwana uku muna cin gasasshiyar ayabar agada da kifi, muna leƙe. A na huɗu kumfa ya taso. Ya tsoma farin ƙyallen auduga, ya fito kore, iska ta buge shi, ya rikiɗe shuɗi a gabanmu.

Mun dawo Enugu lafiya, da jarka wayam. Na koyi cewa abin da mutum ya ɗiba ya ba wani yana nan a ajiye. Tabon shuɗin da Kawu ya bar mini a tafin hannu lokacin sallama bai fita ba tukuna, ni ma ban matsa masa da sabulu ba.