Baba Sylvanus, Mai Kiwon Ƙwari a Romi

Ranar Talata, 14 ga Maris, 1989, ina tsakiyar ban-ruwa a lambu maƙwabcina Audu ya tsaya a bakin shinge, ya cire hularsa, ya ce, "Esther, sai haƙuri, Baba Sylvanus ya tafi." Na ajiye bokiti na zauna a ƙasa.

Baba, tsohon malamin gona aka san ka, amma a Romi "Mai Ƙwari" muke ce maka a bayan idonka, kuma ni ce kan gaba wajen dariyar.

A shekarar 1986 kainuwa ta rufe rafinmu ruf, kamar an shimfiɗa tabarma. Ruwa ya daina gudu, ya soma wari, ga sauro, ga macizai. A lokacin an sallami maigidana daga masaƙa, bakin mutum bakwai na gidanmu duk a kan lambun nan ya rataya. Maza suka ce a zuba guba a huta. Ka miƙe ka ce ruwan da yara ke wanka a ciki ba za a zuba masa guba ba. Ka yi tafiya kudu wajen tsoffin abokan aikinka, ka dawo da wasu ƙananan ƙwari a kwalba, ka ce abincinsu kainuwa ce kaɗai. Ka yanka durom biyu, ka cika da ruwa da ganyen, ka shiga kiwonsu a bayan gidanka.

Ni kuwa tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin ƙwaron da ya zo gona da alheri ba. Na ce yau ga tsoho zai ƙarasa mini ɗan alayyafon da ya rage! Ranar da ka tafi coci taron dattawa, na ɗauki famfon feshi na bi durom ɗin nan biyu na wanke su tas da magani. Aikin wata huɗu na kashe maka kafin azahar.

Ka san ni ce, domin warin maganin yana jikin zanena. Ba ka ɗaga murya ba, ba ka faɗa wa kowa ba. Ka kawo mini kwano da ƙwari uku da suka tsira, da ganyen kainuwa da na alayyafona, ka ce, "'Yata, ajiye kwana uku ki duba." Na duba. Kainuwa ta zama raga, alayyafo ko ƙwarzane babu. Wallahi kunyar da na ji ran nan har yau ba ta sake ni ba.

Rani ya zo, kainuwa na nan ta hana ni ruwan rafi, lambuna ya ƙone, da hannuna na jawo. Sai ka raba filinka na bakin rijiya ka ba ni rabi, ka sake fara kiwon daga farko, kuma ni ɗin da na yi ɓarna ni ka damƙa wa kula da shi. Shekara biyu muna sakin ƙwarin a rafi kaɗan-kaɗan, mutane na cewa mun haukace tare. Bara da kaka ruwa ya buɗe. Lokacin ciwo ya riga ya kwantar da kai, sai labari muka kai maka, ka yi murmushi ka tambaya ko kifi ya dawo.

Ban taɓa iya buɗe baki na ce ka yafe mini ba, kuma ban gode maka yadda ya kamata ba. Na gode, Baba. 'Ya'yana ba su kwana da yunwa ba. Miyar da jama'a suka ci a zaman makokinka, kowane ganye daga bakin rafin nan na yanko shi.

Mama Talatu uwargidan Baba, da ɗansa Matthew da ƙannensa, Ubangiji ya ba ku haƙuri, ya share muku hawaye. Allah ya gafarta wa Baba kamar yadda shi Baban ya gafarta mini, ya ba shi hutawa a wurin Yesu Almasihu. Amin.