Cigiyar da Rabi ta yi a Elm Street

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙawata Rabi, amma har yau in na ji an ce jami'ai sun ɗauke wani ba a san inda yake ba, sai ta faɗo mini a rai.

A garin Greensboro na Amurka muka haɗu, zamanin da soja ke mulki a gida. Mazajenmu na karatu a jami'a, mu kuma muna ɗaure kaya a kwali a wani sito da ke titin Wendover. Can labari ya iso cewa an kama ƙanenta Sani, malamin makaranta a Zariya, saboda ya yi magana a taron malamai. Ba kotu, ba bayani. Mahaifiyarsu ta zaga bariki da ofisoshin 'yan sanda, kowa ya ce bai san da shi ba.

Mazan namu, masu cika baki a kan tuwo, suka yi tsit. Ban ga laifinsu sosai ba, kowa na da iyaye a gida. Wata Juma'a bayan salla, a falon da muke taruwa, Rabi ta miƙe daga bayan labule ta ce, "Jama'a, ina cigiya." Haka ake yi a garinmu in akuya ta ɓace ko yaro. Ta faɗi sunansa, tsayinsa, da rigar da ya sa ranar.

Malam Isa, dattijonmu, ya ce, "Rabi, mutanen ofishin jakadancinmu fa suna da kunne a ko'ina."

Ta ce, "Baba, ni ban zagi gwamnati ba. Abu na ɓatar, nake nema."

Sati na gaba wani ɗan Katsina ya ƙara sunan kawunsa da shi ma aka ɗauke. Kafin sanyi ya shigo mun koma bakin titi a Elm Street, muna kiran sunaye, Turawa da baƙaƙen Amurka na tsayawa suna tambaya. Wani ya ɗauki hotonmu, ya fito a jaridar garin. Tsorona ya ƙaru. Tambayar da ta hana mu sukuni ita ce: kiran sunan Sani zai cece shi, ko shi zai sa a gama da shi? Rabi ta rame. Amma ba ta fasa ba.

Bayan an yi wani juyin mulkin aka sako Sani. Ya ce wata rana an shigo an tambaye shi, "Wa gare ka a Amurka?" Ranar suka karya masa ƙafa. Daga ranar kuma ba a sake fita da shi ba, alhali waɗanda aka fita da su da yawa ba su dawo ba.

Yau kowa da waya a hannu, ana rubuta suna a goge don tsoro. Ban san me Rabi za ta ce mana ba. Na dai san ba za ta yi mana da daɗi ba. Ita kanta har ta koma ga Allah ba ta daina cewa ita ta nakasa ƙanenta ba, duk rarrashin da ya yi mata.

Ranar jana'izarta a Zariya ina leƙe daga zaure aka fito da makara. Sani na gaba, yana ɗingishi, matasa na ta miƙo hannu su karɓe shi. Har suka sha kwana bai saki ba.