Rigar Sanyi Mai Hannu Ɗaya

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma kowa zai koma, da mai shiri da marar shiri.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Nuwamba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, wadda unguwa ta sani da Mai Saƙa, a gadon asibiti, bayan jinyar kwana tara. Ta bar 'ya'ya biyu da jikoki shida, da ƙane guda ɗaya mai taurin kai, wato ni.

Ni ban yi makaranta ba. Gyaran keke da faci na sani, shekara hamsin a bakin titi. Maƙwabcina, tsohon hedimasta, shi ke riƙe da alƙalami, na kuma gaya masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya sa wa maganata man shafawa. Ya ce ba a zuba faɗa a cikin ta'aziyya. Na ce to yau za a fara.

Yaya, da ke nake magana. An ɓata miki suna kwana biyu da rufe ki, ga shi bakinki ya rufu. Nawa bai rufu ba.

Ina da shekara bakwai mahaifiyarmu ta rasu, ke kina sha huɗu. Tun daga ranar kika zama uwata, har da duka. Abin da na fara sani na aikinki shi ne ciwon kafaɗa. Za ki zaunar da ni a kan tabarma, in miƙe hannuwa biyu kamar mai roƙon ruwa, ki rataya mini zaren ulu, kina naɗe shi yana zama curi. In na motsa ki ce, "Tsaya, ɗan banza, kai ne za ka sa rigar." Sau da yawa ba ni ke sawa ba. Amma ban taɓa kwana da sanyi a ƙirjina ba, wannan kam shaida ce da zan bayar ko a gaban wa.

Da kwarashi ɗaya, ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa a baki, kika rufa wa unguwa guda asiri. Da zarar iska ta fara juyawa, safiya ta fara cizo, ƙofarki ba ta rabuwa da takalma. Mai ruwan nan mai ƙusumbi, wanda duk rigar kasuwa ke rataye masa a baya kamar tuta, ke kika saƙa masa wadda ta bi bayansa ta kwanta lif. Ya zo yana juyi a gabana kamar ango. Tsohuwar da ke sayar da gawayi kika yi wa aljihu ta ciki don ta riƙa ɗumama yatsunta. Jikan matar mai gidan da kike haya, da aka haife shi bakwaini, jiki kamar ɗan tsako, cikin kwana biyu kika gama masa riga da hula da safa, kika ƙi karɓar ko godiya. Ku riƙe wannan matar a ranku, za mu dawo kanta.

Ke ma ba ki yi makaranta ba. Lambobin da ke jikin tef ɗin tela ba su taɓa yi miki magana ba. Don haka kika yi naki awon. Duk wanda za ki saƙa wa riga, sai ki yanko dogon zare mai kauri, ki ɗora daga kafaɗa zuwa kafaɗa ki yi ƙulli. Ki zagaya ƙirji, ƙulli. Daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, ƙulli. Daga wuya zuwa ƙugu, ƙulli. Don kada ki manta na wane ne, sai ki ɗaura maɓallin tsohuwar rigar mutum a bakin zaren, ko ɗan ƙyallen zanensa. In yaro ya girma, ki kwance ki matsar da ƙullin gaba. Duka kina tara su a wani tsohon gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado. Wannan gwangwanin shi ne littafinki. Ba ki taɓa baza shi a gaban mutane ba, don kin ce awon jikin mutum sirrinsa ne.

Yanzu ga abin da aka yi.

Ranar Alhamis da safe aka shiga kwashe ɗakinki. Matar mai gida ce ta jawo gwangwanin. Ta buɗe ta ga zaruruwa da ƙulle-ƙulle, ga maɓallai, ga ƙyallaye, har ta gane ƙyallen zanen goyon jikanta. Sai ta ƙwala salati ta watsar da shi a tsakar gida. Wai asiri ne. Wai shekara da shekaru kina ƙulle mutanen unguwa, shi ya sa wance ba ta haihu ba, shi ya sa shagon wane ya mutu. Kafin azahar magana ta kai bakin famfo, ta kai layin masu kayan miya. Matan da kika auna 'ya'yansu a gaban idonsu, suka ga kina ƙullawa, su ne suka riƙa cewa, "Dama ni tun ranar jikina bai ba ni ba." Rashin sani ya fi dare duhu, amma wannan ba rashin sani ba ne kaɗai, har da rashin kunya.

Duk wannan da sauƙi. Mutanen waje ne. Babban ɗanki, wanda nake kira Manaja tun kafin ya zama manajan, yana tsaye a wurin da gilashinsa da takalminsa mai ƙyalli. Da bakin kwarashin nan aka kai shi makarantar kwana, aka kai shi ta gaba da ita. Tun yana sha uku ya daina sa saƙarki, wai abokai suna masa dariya. Bai taɓa zama ya ga yadda kike aiki ba. Da aka nuna masa zaruruwan, bai ce a tambayi kowa ba. Kunya ta kama shi, kunyar uwarsa. Ya sa aka kawo kananzir, ya tara awon shekara arba'in a tsakar gida ya ƙyasta ashana, wai don a kashe maganar. Wa ya taɓa kashe magana da wuta? Ai da ya ƙona, sai kowa ya ce ga shi nan, ɗanta ma ya yarda.

Auta, 'yarki da ta yi jinyarki, ta tafi asibiti karɓo sauran kayanki. Ta dawo ta tarar da toka. Ta yi ta rantsuwa awo ne, aka ce 'ya ce, dole ta kare uwarta. Washegari aka tuɓe wa yara rigunan da kika saƙa, a cikin wannan sanyin, aka cusa a buhu. Na ga jikan matar mai gida ya wuce ta gaban rumfata da 'yar shimi, yana rawar ɗari, hanci na zuba. Yaron da rigarki ta riƙe wa rai.

Hedimasta ya ajiye alƙalami ya tambaye ni, "To kai kana ina?" Na ce ya rubuta, ba tsoronsa nake ji ba.

Ina rumfata. Na yi miki salla, na raka ki makwancinki, na zuba ƙasa da hannuna, amma ban shiga gidan ba. Shekara biyu ke nan ban taka ƙofarki ba, saboda na rantse.

Kin san dalili, amma bari mutane su ji. Akwai rigar sanyi ruwan toka da kika saƙa mini shekarar da na yi aure. Shekara talatin da ɗoriya ina sa ta. Maɓallanta marigayiya matata ce ta ɗinka su da hannunta. Gwiwar hannu ta huje, asu ya ɗan taɓa gefe, na kawo miki na ce faci kawai nake so, faci irin nawa na taya. Bayan kwana uku na dawo na tarar kin warware ta gaba ɗaya, ta koma curin zare a cikin faranti. Kika ce, "Wannan ta gama aiki, ta ruɓe. Zan sake maka." Na ce wa ya aike ki? Kika ce, "Tun kana tsirara nake yanke maka shawara." Na ce to na bar miki zaren, na bar miki gidan, ƙafata ba za ta ƙara shiga ba. Kika yi dariya, kina zaton zan huce kafin la'asar. Ba ki san ƙanenki ba, ko kuma kin san shi kika ƙyale.

Har yau ina nan a kan bakana: ba ki kyauta ba, ya kamata ki tambaye ni. Amma da ina cikin gidan nan ranar Alhamis, kalma ɗaya ta isa. Ni na riƙe miki zare tun ina ɗan bakwai. Da na ce musu awo ne, da na ɗauko na mai ruwa na ɗora masa a ƙusumbi kowa ya gani. Taurin kaina ne ya ba ashanar nan wuri. Wannan ma a rubuta.

Ranar Asabar da safe Auta ta zo rumfata, ido ya kumbura, da jakar da kika tafi da ita asibiti. Ta ce, "Kawu, wannan kaɗai ya tsira. Har ranar Lahadi tana saƙawa a kan gado, ana ƙarin ruwa tana faɗa da nas a sakar mata hannu." Na buɗe. Riga ce ruwan toka. Na gane zaren tun kafin in taɓa, tsohon zarena ne, an haɗa shi da sabo don ya yi ƙarfi. An gama jiki, an gama hannun dama, na hagu ko farawa ba a yi ba. Kwarashin yana soke a kafaɗa. A cikin rigar kuma ga zaren awo guda ɗaya, da maɓallin da matata ta ɗinka ɗaure a bakinsa.

Na rufe rumfa. Na karya rantsuwata, zan yi kaffara. Na shiga gidan ana zaune ana karɓar gaisuwa, maza a waje mata a ciki, na tsaya a tsakar gida daidai inda ƙasa ta yi baƙi. Na ce a kira mini matar mai gida. Ta fito tana gyara mayafi.

Na ce, "Ga asirin guda ɗaya ya rage. Nawa ne. Zo ki ɗora mini."

Ta ce, "Wa? Ni? Allah Ya tsare ni."

Na ce, "Bakinki bai ji tsoro ba, sai hannunki?"

Sai na juya wurin Manaja. "Kai, mai ilimi. Zo ka karanta rubutun uwarka."

Ya taso. Na ce ya kama bakin zaren ya ɗora a kafaɗata. Ƙullin farko ya faɗa daidai kan ɗaya kafaɗar. Na ce zagaya ƙirji. Ƙulli na biyu ya haɗu cif. Hannu, cif. Tsayi, cif.

A nan ne na ga abin da ban zata ba, Yaya. A gaban kowane ƙulli akwai lanƙwasar tsohon ƙulli da aka kwance. Kin matso da su ciki, kusan yatsa biyu biyu. Na rame a shekara biyun nan, ni kaina ban lura ba. Ba ki taɓa ni ba, ba mu yi magana ba. Ashe duk safiyar da nake wucewa ta bakin layinku ina tura keke, ina kau da kai don kada mu haɗa ido, kina zaune a ƙofa kina auna ni.

Manaja ya ce da wata ƙaramar murya, "Kawu, da nawa awon a cikin waɗanda na ƙona?"

Na ce, "Naka ne mafi tsufa. Da maɓallin rigar makarantarka. Ƙullinsa ya tsaya tun kana sha uku, ba ta yar ba."

Ya durƙusa a kan tokar nan da wandonsa mai tsada. Ban ɗaga shi ba. Auta ce ta ɗaga shi, ita zuciyarta irin taki ce. Matar mai gida ta shige ɗaki, kuma har yau ba ta zo ta ce ta yi kuskure ba. Ina jira. Na iya jira, kowa ya shaida.

Auta ta ce in kawo rigar ta kai wa wata mai saƙa ta ƙarasa hannun hagu. Na ƙi. Hannun da ya fara shi ne zai gama, tunda kuwa babu shi, haka za ta zauna. Kullum da safe ina sa ta in zauna a rumfata, hannu ɗaya a rufe ɗaya a waje, duk mai wucewa ya gani. Masu dariya suna yi. Wanda ya tambaya ina ba shi labari tun daga farko, ko yana sauri. Shekaranjiya mai ruwa ya wuce da tasa rigar a jikinsa, ya ɗaga mini hannu. Jiya na ga yara uku da nasu. Jikan matar mai gida har yanzu da shimi yake yawo, kuma ba zan daina zama a nan ba sai na ga an mayar masa da rigarsa.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Yadda ta rufe bayinKa daga sanyi, Ka lulluɓe ta da rahamarKa, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ka wanke sunanta a bakin waɗanda suka ɓata shi, su kuma Ka shirye su, don ni ban kai ga yafe musu ba tukuna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Auta, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki masu yi miki yadda kika yi. Ga Manaja, Allah Ya ba ka haƙuri, Ya kuma ba ka hankalin da makaranta ba ta ba ka ba. Ga jikoki da dangi da duk wanda ya taɓa jin ɗumin saƙarta, Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ke kuma Yaya, na yafe miki rigar da kika warware. Ki yafe mini shekara biyun. Sabuwar ta zauna mini daidai, ba ta matse ba, ba ta yi yawa ba. Hannun hagun ne kawai ke jin sanyi, kuma na san hakkina ne.