Amya a Kan Amarya

Kwong Sau-wan mace ce da ba ta iya zama ba. Ko shinkafa a tsaye take ci, kwano a hannu, ido a kan titi. Shagonta na gyaran gashi yana ƙarƙashin matakalar wani bene a unguwar Sham Shui Po, kujera biyu da madubi ɗaya, amma ran Asabar layin 'yan matan masana'antu har bakin rumfar mai sayar da kifi yake kaiwa.

Tana da shekara goma sha huɗu ta fara wanke kan mutane a shagon wani mutumin Shanghai. Da yayin gyaran gashin da ake kira amya ya shigo Hong Kong, sai aka ga ashe don shi aka halicci hannunta. Takan taje gashi baibai, daga baki zuwa tushe, har ya cukurkuɗe ya kumbura, ta tara shi sama, ta lulluɓe da na goshi, ta kafe da fil, sannan ta yi masa feshi har mai kan ta fara tari. Amyar wasu kwana biyu take yi a zafin garin nan ta langaɓe. Ta Sau-wan mako guda cur take yi, in dai za ki iya barci da kallabi, wuya a sandare.

"Kada ki sosa," takan ce. "In ƙaiƙayi ya ishe ki, ga tsinken cin abinci, zura a hankali. Na gaba."

Mijinta ma'aikacin kwalekwalen kaya ne, guguwar teku ta tafi da shi, ta bar mata 'ya ɗaya, Lai-kuen. Da aka sa ranar auren yarinyar, abu ɗaya Sau-wan take so a duniya: ta gyara kan 'yarta da hannunta. Dangin ango suka aiko da magana mai laushi, ma'anarta kuwa ba laushi. Matar da mijinta ya mutu ba ta taɓa kan amarya, kada rashin sa'arta ya bi gashin. Tazar jajibiri Gwaggo Pun ce za ta yi, tsohuwar da mijinta ke raye, 'ya'ya da jikoki ba wanda ya yi ko ciwon kirki. Gyaran safiyar biki kuma sun riga sun kama wani shago.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Kwana uku tana kai da kawowa, tana goge madubin da ba ƙura. Sai dabara ta zo mata, irin dabarar mai gaggawa. Ai ba wanda ya ce kada ta taɓa kan saura kwana biyu. Ta zaunar da Lai-kuen, ta gina mata amyar da ba ta taɓa gina irinta ba, ta ƙarar da gwangwanin feshi guda a kai. A lissafinta tsohuwa za ta ɗan shafa mataji a sama-sama, kamar yadda ake yi wa amaren zamani, masu shago kuma su zo su tarar ba aikin yi.

Ta manta wace ce Gwaggo Pun.

An duba kalanda an zaɓi lokacin tazar, tsakanin biyar da bakwai na yammacin jajibiri. Aka kunna jajayen kyandir biyu, amarya ta zauna tana fuskantar taga, ƙannen uwar ango biyu suka tsaya shaida. Tsohuwa ta kafa matajin katako a goshin yarinya ta ja. Ko motsi. Ta sake ja, Lai-kuen ta cije leɓe.

"Wannan kai ne ko tukunya?" in ji Gwaggo Pun. "Taza sau uku ce, daga tushe zuwa baki, ba tsayawa. In ya maƙale a hanya, auren ne ya maƙale. In haƙorin mataji ɗaya ya karye, ni ba ruwana."

Baƙin suka kalli juna. Sau-wan tana leƙe daga bakin ƙofa. Agogo ya ce shida saura kwata.

"Ke mai ginin," tsohuwa ta ce ba ta ko waiwayo ba, "zo ki rushe abinki. Ni yatsuna sun tsufa."

"Gwaggo, ai ba ta taɓawa," in ji ɗaya daga cikin baƙin.

"To ke zo ki kwance. Kin iya?"

Baƙuwar ta ja da baya.

Sau-wan ta shigo da ruwan ɗumi da man gashi. Ta zare fil talatin da wani abu, ta jiƙa, ta shafa, ta bi cukurkuɗen da yatsa sili-sili. Aikin da ta fi alfahari da shi ya zube a kafaɗar 'yarta kamar jiƙaƙƙen tsumma, kunya kuma ta hana ta ɗaga ido. Da yatsu suka gama nasu, dole ta ɗauki nata matajin. Ta ja daga tushe, ya tsaya. Ta warware, ta sake ja. Rabonta da ganin gashin nan a kwance tun yarinyar tana makaranta.

"Bakwai saura ashirin," in ji baƙuwar, tana buga ƙafa.

Matajin ya sauka tun daga goshi har gadon baya, sumul. Sau-wan ta ɗaga hannu za ta matsa wa tsohuwa, sai Lai-kuen ta kamo gefen rigarta ta ƙasa, inda ba mai gani.

"Inna," ta ce a hankali, "akwai saura ta nan hagu."

Babu sauran komai ta hagu. Sau-wan ta duba, ta sani, Gwaggo Pun ma ta sani, don ta juya tana gyara lagwanin kyandir da bai lalace ba. Sau-wan ta ɗora matajin a hagun, ta ja shi har ƙasa, sau uku.