Rariyar Bargar Sammani

Ranar Talata, sha uku ga watan Yuli, 1976, na fara sanin Sammani. Ina tura kekena ta wani lungu a Ƙofar Marusa zan tafi ofis, sai ruwan taɓo ya tsallako katanga ya sauka a kan farin wandona. Na leƙa in yi faɗa, na tarar da dattijo cikin laka har ƙauri, ƙwarya a hannu, doki na ɗaure a turke a bayansa.

"Yi haƙuri, Malam Akawu," in ji shi. "Kai wando za ka sake. Shi wannan kofato huɗu gare shi, babu na canji."

Sammani mutumin ƙauye ne. Ya shigo birni yana saurayi, ya kama aikin barga a gidan Alhaji Babaji, mai sayen gyaɗa, wanda a kan doki yake zaga kasuwannin karkara. Da Alhaji ya rasu, 'ya'yansa suka raba gado, kowa ya sayi mota. Ba wanda ya tambayi doki. Aka bar wa Sammani tsohon dokin, Bidi, da bargar, da ɗakin ƙasa da ke jikinta. Shi kuwa bai ɗauke shi kyauta ba, amana ya ɗauke shi.

Ya san aikinsa. Kowace bazara yakan kankare ƙasar turke, ya zuba burji ya daɓe, tsakiya ta yi tudu kamar ƙwarya a kife, ya shimfiɗa rairayi a kai. Ruwa ya sauka, ya gangara, ya fita ta rariyar gindin katanga. A unguwar haka ake yi tun kaka da kakanni: ruwanka ya bi ta gidan maƙwabci, nasa ya bi ta na gaba, har ya faɗa kududdufi. Ba a roƙo, ba a godiya.

Sai kuɗin mai suka shigo gari. Aka cike kududdufin aka jera shaguna. Aka ɗaga titi. Maƙwabcinsa Alhaji Mamman, ɗan kwangila, ya rushe gidan ƙasa ya tayar da na bulo, harsashi har ƙugu, ba ko ƙofar ɓera. Barga ta koma akushi, duk ruwan lungu a cikinta yake kwana.

Sammani ya je ya gaishe shi, suka daɗe suna gaisawa, sannan ya kawo maganar.

"Baba Sammani, wallahi ban tuna da rariyar nan ba," in ji Alhaji Mamman. "Amma siminti ne. In aka fasa, ginin zai tsage. Ka sayar da dokin nan mana, in ba ka gadi."

"Alhaji, a bayan dokin nan na ɗora ka kana kukan majina."

"Na sani, Baba. To yanzu ya zan yi?"

Sammani ya koma barga. Ya nemi masu jakuna su kawo rairayi, ya tarar duk magina sun riƙe su. Tifa kuwa ba ta shiga lungun. Ya haƙa rami a kusurwa, ruwa ɗaya ya cika shi. Ya zo wurina ko ina da hanya a hukuma, na bi masa inda na sani, ko'ina aka ce sai bayan damina.

Kafin tsakiyar Agusta ƙasan kofaton Bidi ya yi laushi, ya yi baƙi, yana wari. Sammani ya wanke da ruwan bagaruwa, ya barbaɗa toka, ya naɗe da tsumman buhu. Malamin dabbobi ya duba, ya shafa magani, ya ce, "Ka ɗaure shi a busasshen wuri." Sammani ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya yi godiya.

Wuri ɗaya ne ya fi barga gangare: ɗakinsa. Ya ɗauki diga ya huda bango, ya ja 'yar kwata ta tsakar ɗaki ta fita ta ƙofa.

Matarsa Safara'u ta tsaya da tabarma a naɗe a hammata. "Malam, ni ce zan kwana a rafi don doki ya kwana a tudu? Da ka ce min kifi ka aura!"

"Ke kina da gidan ɗan'uwa a Ƙofar Kaura," ya ce a hankali. "Shi wa gare shi?"

Ta tafi tana mita, amma kullum sai ta aiko da tuwo.

Turke ya ɗan tsane, Bidi ya fara taka ƙafar. Amma bangon ƙasa ba ya shan ruwa ta gindi ya zauna lafiya. Wata Juma'a, Sammani yana masallaci, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ɗakin ya zauna, ɓaraguzansa suka toshe sabuwar rariyar. Da ya dawo, Bidi na kwance cikin caɓi, ya kasa tashi. Mutanen lungu suka taru da igiya suka ɗaga shi, ya sake zubewa. Sammani ya zauna cikin lakar, ya ɗora kan dokin a cinyarsa don kada hancinsa ya nutse. Haka yake zaune har Bidi ya daina numfashi.

Bayan damina ya sayar wa Alhaji Mamman filin, aka yi garejin mota a wurin. Shi da Safara'u suka kama hayar ɗaki a Kambarawa. Ya karɓi gadin nan, a wurin buga bulo, inda aikinsa na safe shi ne ba bulo ruwa don ya yi ƙwari. Bai sake riƙe doki ba. Ya rasu a watan Maris, 1982. Allah ya jiƙansa.