Gonar da doka ta ce ba gona ba ce

Shekarata ta biyu ina aikin ungozoma a Tawa na sayi shanu. Duk ma'aikacin da aka turo Adar haka yake yi, ni kuwa ba na son a riga ni komai. Na ba wani Buzu kiwonsu a arewa da Takanamat. Lokaci-lokaci yana aiko mini da man shanu, ina rarraba wa maƙwabta ina hura hanci.

Da kaka shanun suka faɗa gonar wani dattijo, hatsi ya nuna ana shirin yanka, suka cinye ta ƙarƙaf. A al'ada dattawa kan je su duba ɓarna, mai dabba ya biya da damman hatsi. Na yarda da haka, sai wani abokin aikina ya ce in dakata, ai bayan samun 'yancin kai an yi doka: an ja iyaka, arewa da ita ƙasar kiwo ce, ba a biyan ɓarnar gona a can. Na ce to, a je gaban alƙali.

Alƙalin yaro ne, Bazabarme, ga dattawa biyu masu sanin al'ada zaune a gefensa. Ɗayansu ya ce masu doka sun yi ta ne don kada sababbin manoma su cinye makiyaya, wannan gona kuwa tun kakan mai ita ake nomanta. Alƙali ya daɗe yana murza goshi. Ya ce ya gane manufar, kuma ya san ba don shanun ma'aikaciya mai albashi aka yi dokar ba. Nan ya dube ni, na sunkuyar da kai. Amma abin da aka rubuta bai tambayi shanun wane ne ba, shi kuma ba zai ƙara abin da ba a sa ba. Gonar tana arewa da iyaka, saboda haka babu biya.

Da tafinta ya fassara masa hukuncin, dattijo mai gonar ya ce, "Ranka shi daɗe, iyakag ga, ina take? Ni kullum nan nike, ban ga wanda ya ja ta ba."

Ya ɗauki sandarsa, ya ma yi mini sallama: "Madam, a sauka lahiya." Ni kuwa ranar har kaza na yanka.

Da bazara aka kawo wata yarinya gidan haihuwa a kan amalanke, cikinta na fari. Ta haihu lafiya, amma nono ya ƙi zuwa, don ita kanta ƙashi ce da fata. Na hau uwar mijinta da faɗa, kamar yadda na saba: wace irin rowa ce za a bar mai ciki da yunwa?

Tsohuwar ta ce, "Ba rowa ba ce, ɗiyata. Bana ba mu yanki ko zangarniya ba. Shanun wata ma'aikaciya sunka canye gonar, alƙali ya ce ba gona ba ce. Maigida da yaron duk sun tahi kurmi neman abin da za mu ci."

Na tambayi garinsu, ta faɗa. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona, kuma har yau in na tuna sai in ji ta sabuwa.

A lokacin an kawo mini biyu daga shanun gida ana tatsa. Kullum da safe sai in dama fura da nononsu in kai wa mai jego, har nata ya zo. Ban faɗa musu ko ni wace ce ba, na kasa. Ranar da aka sallame su, tsohuwar ta riƙe hannuna ta yi ta sa mini albarka, ta ce Allah shi ƙara yawan shanun da suka ba da wannan nono. Na ce amin.